Inna, An Sa Muryarki Ta Yi Shaida

Zuwa ga mahaifiyata, Inna.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwarta, ina roƙon Allah ya sa kina cikin ni'ima, ya yalwata miki makwanci, ya haskaka shi. Mu nan Tambuwal lafiyar jiki dai muna da ita. Abin da ya shafi zuciya kuwa shi ya zaunar da ni rubuta miki wannan takarda.

Na san ba ki yi boko ba, na kuma san inda kike ba a kai wasiƙa. Da kina raye kika ji na baza maganar gida a waya inda kowa zai karanta, da kin aiko an kira ni, kin rufe ƙofa kin wanke ni tas. Ki yi haƙuri. Maganar ta riga ta fita. Daga nan har Kebbe babu gidan suna ko na biki da ba a tauna ta ba, kowa da irin gishirin da yake ƙara mata. Gara a ji ta daga bakin wadda aka yi a gabanta. Na nemi izinin Rabi kafin in fara, ta ce in rubuta, ko wani gidan zai tsira.

Shekara biyu da 'yan watanni ke nan da rasuwarki, amma in kin dawo yau sai kin riƙe baki. Masu albasa a fadama yanzu da hasken rana suke jan ruwa, ba sa jiran mai. Malam Sani makwabcinmu ba ya shuka sai wayarsa ta gaya masa ranar da ruwa zai sauka, wani lokaci ta dace, wani lokaci ta bar shi da iri a hannu. An ce akwai na'urar da ke duban hoton ƙirjin mai tari ta faɗi ciwonsa kafin likita ya gyara zaman tabarau. Ke da kika yi shekara uku kina gaba da injin niƙa, wai yana kashe ɗanɗanon tuwo, ban san me za ki ce da waɗannan ba.

Amma waya kam kin so ta, kada ki musa. Tun da Nasiru autanki ya saya miki ya koya miki saƙon murya, muka shiga uku. Kullum da hantsi sai kin cika mana zauren iyali na waya da saƙo, wani ya kai tsawon huɗuba. Kuma kowane ɗaya da abu guda kike fara shi: "Salamu alaikum mutanen gidan ga, ni ta, Inna." Kamar akwai wanda zai ɗauka wata ce. Ki gaida kowa da sunansa, ki ba da labarin akuyarki, ki yi faɗa a kan wanda bai je gaisuwar mutuwa ba, ki koma labarin shekarun da ba a haife mu ba. Muna dariya muna cewa kina cinye mana data. Da kika rasu babu wanda ya iya goge ko ɗaya.

Waɗannan saƙonnin ne Nasiru ya nema wajenmu wata biyu kafin babbar sallah. Kin san yanzu aikin kwamfuta yake yi a Kaduna. Ya ce yana son ya haɗa su wuri guda kada su ɓace. Ni na fara tura masa nawa, har na bi sauran 'yan'uwa ina yi musu faɗan jinkiri.

Kwana biyu bayan sallah muka taru a gidanki kamar yadda muka saba, da la'asar, a gindin darbejiyar tsakar gida. Bello yana kan benci, matarsa Rabi tana madafa tana ƙarasa suyar nama, Goggo Asabe ƙanwar Baba ta miƙe ƙafa a tabarma, jikoki sun cika gidan da hayaniya. Sai Nasiru ya fito da waya da wata 'yar sifika, ya ce kowa ya yi shiru, ya zo mana da barka da sallah.

Inna, sai muka ji ki. Ba tsohon saƙo ba ne, duk mun haddace waɗancan. Sabuwar magana ce. Kika yi sallama, kika yi mana barka da sallah ta bana, kika tambayi ko ragon Bello ya yi kitse. Har ɗan tarin nan da kike yi kafin ki fara dogon zance, har yadda kike jan numfashi. Ludayin da ke hannuna ya faɗi cikin kwano ban san ya faɗi ba. Goggo ta janye ƙafafunta tana salati, ɗaya daga cikin yaran ya ruga ɗakinki ya ɗaga labule.

Nasiru ya yi mana bayani yana murmushi. Ya ce ƙirƙirarriyar basira ce, ya ba ta saƙonninki ta koyi muryarki da irin zancenki, ya rubuta mata sunayenmu da dangantakarmu, yanzu kowa zai iya tambaya ta amsa. Ya ce a ƙasashen da suka ci gaba mutane da yawa sun fara yin haka da iyayensu, nan gaba babu wanda muryarsa za ta mutu. Ya faɗi haka yana jin daɗi, don Allah ya sani alheri ya nufa.

Aka miƙo mini wayar, na yi sallama. Sai kika ce, "Hauwa'u, ɗiyata, kin wuni lahiya?"

Shekara arba'in da huɗu nake a duniya, ba ki taɓa kiran sunana ba. Ni ce ta fari, kuma ke ba ki wasa da wannan kunyar. Ina ƙarama "ke" nake, da na yi aure na zama "mutanen gidan can". Ko a saƙonninki sai ki jera sunan kowa har na jarirai, in kin zo kaina ki ce a gaida mutanen gidan can. A wannan lokacin ya kamata in miƙe in ce a kashe abin nan, wannan ba uwata ba ce. Ban yi ba. Kuka na fashe da shi, na ce Nasiru ya sa ta sake faɗa. Ashe duk tsawon shekarun nan ina kwaɗayin jin sunana a bakinki ban sani ba. Sau uku na sa aka maimaita.

Daga nan wuri ya zama wasa. Yara suka yi ta tambayarki ina kika ɓoye alewa, kina ba su amsa, ana dariya ana share hawaye. Goggo Asabe ce kaɗai ba ta saki jiki ba. Kin san ta, ko gishiri aka ba ta sai ta lasa. Ta ce ita ba ta yarda ba, za ta yi tambayar da yaran zamani ba su san amsarta ba, in an ci to ta sallama. Ta matso bakin wayar ta ɗaga murya kamar mai magana da kurma, ta ce, "To in ke ta, hwaɗa muna, shekarad da anka kawo maki Rabi tana jinjira, da mi kic ciyad da ita?"

Saboda masu karatu da ba su san gidanmu ba, Inna, bari in faɗi abin da ke kin fi kowa sani. Mahaifiyar Rabi aminiyarki ce, 'yar Kebbe. Bayan ta haifi Rabi ta kamu da ciwon nono mai tsanani, aka kawo ta asibiti nan Tambuwal, aka bar jaririyar a hannunki kusan wata biyu. Lokacin kina goyon Nasiru, Bello yana ɗan shekara shida, ni ina sha ɗaya. Da Rabi ta girma ke da kanki kika nema wa Bello ita. Shekararsu goma sha uku da aure, 'ya'yansu huɗu. Amsar da Goggo take jira ita ce nonon saniya, don duk manyan gidan sun san haka.

Sai muryarki ta yi ɗan tarin nan, ta ce, "Allah sarki Rabi, ɗiyata. Ai ni nash shayad da ita. Ita da Nasiru nono guda sunka sha."

Ban taɓa jin gidanmu ya yi irin wannan shirun ba, ko ranar da aka fita da ke. Yara dai ba su gane ba, suna jiran a ci gaba da wasa. Amma duk babban da ke wurin ya san ma'anar abin da ya ji. In kin shayar da Rabi, ko sau ɗaya ne, to ta zama 'yarki, ta zama ƙanwar Bello, aurensu bai taɓa halatta ba.

Rabi tana tsaye da faranti cike da nama, fitowarta ke nan daga madafa. Ta sunkuya ta ajiye shi a ƙasa a hankali, ta juya ta shige ɗaki. Bello ya daɗe yana kallon sifikar. Sannan ya sa takalmansa ya fita.

Nasiru ya yi ta rantsuwa cewa kuskure ne. Ya ce abin nan bai san komai ba, bai san Rabi ba, bai san shayarwa ba, kalmomi kawai yake jerawa yadda ya ga sun saba bin juna. Washegari ya zauna ya bi saƙonninki ɗaya bayan ɗaya har ya gano inda aka samo ta. A wani saƙo kin ce Rabi ɗiyarki ce, ke kika rene ta. A wani dabam, wata da watanni tsakaninsu, kina tsokanar Nasiru cewa ya fi kowa daɗewa yana shan nono. Na'ura ta ɗauki wannan ta ɗinke da wancan. Ya kunna mana su duka biyun muka ji. Na so in kwaɗa masa mari, sai na tuna wadda ta fara tura masa saƙonnin.

Da wani ne ba Bello ba, da ƙila a nan maganar ta mutu. Amma kin san ɗanki. Shi ne wanda in ya yi shakkar sau nawa ya wanke hannu sai ya sake alwala daga farko, har kika sa masa suna Malam Kokwanto. Tun ranar nan ya kwashe shimfiɗarsa ya koma zaure. Bai yi faɗa ba, bai ce ya yarda ba. In Rabi ta kawo abinci sai ya ce ta ajiye a bakin ƙofa. Ta yi haƙuri mako guda, sannan ta ɗauki ƙananan yaran biyu ta tafi gidan mahaifinta a Kebbe.

Abin da ya ƙara dagula lamarin, ashe wata daga cikin 'yan'uwa tana ɗaukar bidiyo lokacin da ake wasan, don tarihi. Ta tura wa mutum ɗaya, kin san sauran. Kafin mako ya zagayo, matan da ba su taɓa taka gidanmu ba suna da muryarki a wayarsu. An yanke inda Nasiru ke bayani, an bar amsar kaɗai. Wasu suka ce wasiyya ce kika bari kafin ki rasu, muka ɓoye. Wata mata a kasuwa ta riƙe hannuna ta ce in ji tsoron Allah, ita da kunnenta ta ji. Na ce mata na'ura ce, ta dube ni kamar na raina mata hankali. Ta ce ta san muryarki shekara talatin, tare kuke zuwa awo.

Me zan ce mata, Inna? Mu da muka tashi a kan cewa in mutum ya ce da kunnensa ya ji, magana ta ƙare. Ke kanki in kina son kashe gardama haka kike cewa. Ban taɓa tunanin zan ga ranar da mutum zai ji da kunnensa, ya yi gaskiya cewa ya ji, kuma abin da ya ji ɗin ba a taɓa faɗarsa ba.

Manya suka kai maganar gaban limamin unguwarmu. Ya saurari kowa, ya sa Nasiru ya maimaita bayaninsa har sau biyu. Sannan ya ce na'ura ba shaida ba ce, ba ta da rai, ba ta da rantsuwa, ba za a tashe ta gobe ƙiyama a tambaye ta ba. Ya ce ko mace mai rai ce ita kaɗai ta zo da wannan magana bayan shekara goma sha uku, alhali ba a taɓa jin ta kafin ɗaurin aure ba, ba a raba aure da ita. Ya kuma tuna wa Bello cewa ke kika haɗa auren, kuma kowa ya san tsoron Allahnki.

Ya juyo kaina, tunda mahaifiyar Rabi ta rasu, Baba ya rasu, Goggo kuma lokacin tana gidan aurenta, ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka kwana suka tashi a gidan da wayonsu. Na gaya masa abin da na sani. Wata Bafulatana mai suna Dije tana kawo madarar saniya kullum da safe, ki tafasa, ki sirka da ruwa, ki ɗora Rabi a cinya kina ɗura mata da ƙaramin cokali. Ni nake wanke cokalin. Ya ce na taɓa ganin kin ba ta nono? Na ce ban taɓa gani ba. Wallahi a ranar gaskiyata na faɗa, zuciyata ko ɗar ba ta yi ba.

Liman ya ce aure yana nan daram. Aka je biko Kebbe, Rabi ta dawo. Na yi sadakar ƙosai, na ce Allah ya raba mu da wannan fitina.

A nan ne zan faɗa miki nawa laifin. Nasiru ya goge abin daga wayarsa, amma kafin ya koma Kaduna na roƙe shi a ɓoye ya sa mini a tawa. Na ce masa ina son in gano inda muryar ta bambanta da taki, don in nuna wa masu surutu. Da gaske hakan na nufa da farko. Na yi ta kunna bidiyon nan ina kasa kunne, ina wanki ina ji, ina tsintar shinkafa ina ji. Ban sami bambanci ko ɗaya ba.

Ana cikin haka Goggo Asabe ta zo gidana. Tun ranar da ta yi tambayar nan ba ta da sukuni, ta rame, kullum tana neman abin da zai rage mata nauyi. Tana kuka ta ce ita fa ba ta ce an yi ba, amma mace mai goyo, ga gajiya, ga jarirai biyu a shimfiɗa guda, in ɗaya ya yi kuka tana magagin barci, wa ya san wanda ta jawo? Ta ce ƙila ke kanki ba ki sani ba. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba. Amma maganar ta zauna.

Bayan kwana biyu ina shara sai na gan ki. A raina ne, amma tar nake ganinki. Kina zaune a tabarma bakin ƙofar ɗakinki da zanenki mai ruwan ganye, Nasiru a wannan hannu, Rabi a wancan, kin sunkuyar da kai kanta. Na tsaya da tsintsiya a hannu. Ban san ko tunawa na yi ba, ko kuwa muryar da na yi ta ɗura wa kunnena ce ta zana mini hoton. Na yi ƙoƙarin komawa ga cokalin da Dije, suna nan, amma wannan hoton ma yana nan kusa da su, kuma ƙarfinsu ɗaya.

Tsoro ya kama ni. Na ɗauki waya na buɗe abin, na yi tambayar da kaina. Na ce, Inna, ai madarar saniya kika ba Rabi, ba ki shayar da ita ba, ko? Muryarki ta amsa ba tare da jinkiri ba, da tarin nan da komai: "Ƙwarai kuwa. Ban taɓa ba ta nono ba, madarar saniya tash sha."

Na zauna a ƙasa. Murya ɗaya, natsuwa ɗaya, ta ce e, ta ce a'a. Duk inda ka karkata tambayar nan take bi. Wannan ne abin da muka taru muka yi wa kuka, wannan ne ya kira sunana.

Duk da haka na ce ga magani ya samu. Na tari ɗan kabu-kabu, na hau mashin na nufi fadama inda Bello yake ban ruwan albasa. A lokacin Rabi ta yi mako uku da dawowa, kuma ta riga ta gaya mini yadda suke. Yana gaishe ta, yana cefane, yana shiga ɗakin. Amma ranar da ta miƙa masa ruwa yatsunsu suka haɗu, ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi, sannan ya yi ta ba ta haƙuri. Ta ce haƙurin ya fi janyewar ciwo.

Na same shi a bakin kwali, hanyar da ruwa ke bi ya shiga gona, ya naɗe ƙafar wando. Na kunna masa sabuwar amsar. Ya saurara har ƙarshe, ya ce in sake, na sake. Sai ya ce, "Yaya, wagga ba Inna ba ta, na sani. Waccan ma ba ita ba ta, na sani. Amma na jiya, kuma kunnena ya ƙi mantawa."

Ya wanke hannunsa a ruwan kwalin, ya zo ya durƙusa gabana, mutum mai shekara kusan arba'in. Ya ce ni kaɗai na rage masa. Ya ce abin da na faɗa gaban liman ya ji, amma yana son in dube shi in rantse da Allah cewa ban gani ba, ban kuma tuna komai mai kama da haka ba. Ya ce in na rantse, ya yi alkawari zai danne zuciyarsa ya koma ga matarsa, don ya san ban taɓa rantsuwa a kan ƙarya ba.

Inna, kafin sallar nan da sau goma zan rantse masa ban ko ƙifta ido ba. Na buɗe baki, sai ga zanen nan mai ruwan ganye. Na rufe. Na sake buɗewa. Injin ruwa yana ta zuba a kwali, shi yana kallon bakina. Abin da ya fito shi ne, "Bello, ban sani ba."

Ya miƙe ya koma cikin albasarsa. Na bi shi ina bayani, ina cewa hoton ƙarya ne, na'urar ce ta sa mini shi, Goggo ce ta sa mini shi. Ya ce ya gane. Na san kuma ya gane ɗin, amma na riga na faɗa.

Rabi ce ta nemi takardarta, bayan kwana tara. Liman ya aiko ya ce babu abin da ya wajabta wannan rabuwa, mahaifinta ya zo da kansa daga Kebbe, Nasiru ya baro aikinsa ya zo ya kwanta a ƙasa gaban su biyun. Rabi ta ce ba za ta iya zama da mutumin da yake istigfari duk lokacin da ya dube ta ba, kuma ba ta ga laifinsa ba. Bello ya rubuta saki ɗaya. Manyan yaran biyu suka zauna wajensa, ƙananan suka bi ta.

Ranar da za ta tafi ta biyo ta gidana. Na ɗauka za ta zage ni, na ma so ta zage ni. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Yaya, da mutum na yay yi mani wannan, da na san ƙofad da zan je in yi kuka. To wa zan kama?" Ta ce abin da ya fi ci mata rai, ke ce uwar da ta sani bayan tata, amma yanzu ko addu'a ta ɗaga hannu za ta yi miki sai ta ji muryar nan a kunnenta.

Na goge abin daga wayata a gabanta. Na so in goge har tsofaffin saƙonninki na gaskiya, na kasa. Suna nan, amma ban ƙara kunna ko ɗaya ba. Ina tsoron in ji ki in tsaya ina tantama.

Wata uku muna fata. Saki ɗaya ne, kalma guda ta isa ya mayar da ita kafin idda ta cika. Na yi ta zarya tsakanin gidana da zaurensa. Sau biyu ya shirya zai tafi Kebbe, ya tayar da mashin, ya kai bakin titi ya juyo. Da kwanakin suka ƙure Rabi ta aiko mini cewa in gaya masa saura kaɗan. Na gaya masa. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi masa addu'a.

Ranar Alhamis da ta wuce, da hantsi, saƙon murya ya shigo daga lambar Rabi. Gajere ne. Ta gaishe ni, ta ce idda ta cika, Allah ya sa haka ne mafi alheri, in kula mata da yaran.

Kin san abin da ya fara zuwa raina? Ba kuka ba. Cewa na yi, anya ita ce? Rabi da na goya, Rabi da na wanke wa cokali, na ji muryarta na kasa yarda. Na kira ta, ta ɗauka, ta maimaita mini, ina riƙe da wayar ina jin ta amma zuciyata ba ta kwanta ba. Na yafa mayafi na tafi tasha na shiga motar Kebbe. Na same ta a tsakar gidan mahaifinta tana tankaɗe. Ta gan ni ta miƙe, ta ce lafiya? Na kama hannunta, da garin da komai, na ce ta faɗa mini ina kallon bakinta. Ta faɗa. Sai a lokacin na yi kukan.

Inna, ki yafe mana. Mun ɗauko ki daga inda Allah ya ajiye ki don kewa ta dame mu, muka sa ki faɗi abin da ba ki faɗa ba, a wurin da ba ki da ikon cewa ƙarya ne. Auren da kika ƙulla da hannunki, da muryarki aka kwance shi. Nasiru ya ce abin nan yanzu ma aka fara, nan gaba har fuska za a riƙa haɗawa, mutum ya zauna yana kallon uwarsa tana magana. Yanzu in ya faɗi haka ba ya murmushi. Ku kuma da kuke karanta wannan takarda kuna da muryar wani naku a waya, ban isa in hana ku komai ba. Na dai gaya muku abin da ya faru a gidanmu.

Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya wanke ki daga maganar da aka ɗora miki. Allah ya jiƙan Baba da aminiyarki. Allah ya sanyaya zuciyar Rabi, ya ba Bello natsuwar da na kasa ba shi, ya raya yaran nan huɗu da aka raba gida biyu, ya cire wa Nasiru da Goggo nauyin da suke ɗauke da shi. Ni kuma Allah ya yafe mini. Ya haɗa mu a Aljanna, in gan ki da idona, in riƙe hannunki in tabbata ke ce. Ina da tambaya guda ɗaya da zan yi miki, kuma duk abin da kika ce zan yarda.

Wassalam.

'Yarki ta fari,
Hauwa'u,
Tambuwal.